Hannun Hagun Babanku

Zuwa ga ɗana,

Kafin gaisuwa ga gargaɗi: kada ka sake aiko wa Babanku ko da noti ɗaya na motar nan. In ka riga ka sayi wani abu, ka mayar wa mai shi. Na sa wannan a sama ne don na san halinka, layin farko da na ƙarshe kake karantawa ka ce ka karanta wasiƙa.

Bayan haka ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da jikokina. Yaya aiki? Yaya tarin ƙaramar, ya sake ta? Mu nan sai godiyar Allah, in dai ana kiran gidan da ke warin fetur tun daga bakin ƙofa har kan matashin kai gidan lafiya.

Na zaɓi takarda a kan waya domin a waya ba ka barina in kai aya. Da na fara sai ka hau “to Mama, to Mama”, Babanku kuma yana gefe ya kasa kunne kamar ba ya ji.

Kwalin da ka aiko ya iso. Na zaci takalmin nan ne mai taushi da likita ya ce a nema masa. Ƙanwarka Auta ta buɗe, sai ga famfon mai, da filta, da baƙin tiyo a naɗe kamar maciji, da wasu ƙananan ƙarafa a leda. Babanku ya rungume kwalin a ƙirji da hannu ɗaya kamar an miƙa masa jariri.

Tunda nisa ta sa ka mantuwa, bari in tuna maka. Lokacin da ɓarin hagunsa ya shanye, ni nake juya shi a gado, ni nake ba shi abinci a baki, ni nake goge abin da ya zubo. Allah ya taimaka ƙafa ta dawo, yana takawa da sanda. Hannun kuwa har yau in ya riƙe kofi sai ka ga shayi yana rawa. Likita ya ce ya riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan, ya matsa ƙwallon roba, ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa. Ya kuma ce a kiyaye shi da wahala da zafi da faɗuwa, domin in ciwon ya sake dawowa ba lallai ne ya tashi ba. Likita ya ce ƙwallon roba, kai kuma kunnenka ya jiyo maka mota.

Motar ma wace iri? Tsohuwar jif ɗin da ya yi aikin safiyo da ita a daji, wadda ya saya da ofishinsu ya gaji da ita, kuka sa mata suna Ɓauna. Tun Auta tana firamare take jibge a ƙarƙashin rumfar bayan gida, kyanwa ta haihu a cikinta ban san sau nawa ba. Babanku ya yi min bayani, ba tare da na tambaya ba, cewa man da aka bari a tankinta ya daskare ya zama danƙo, ya toshe ko'ina, don haka duk hanyar da mai ke bi tun daga tanki har kafireto sai an sake ta. Na ce masa ni ma akwai hanyoyin da suka toshe min a gidan nan ba wanda ya sake.

Ga abin da kwalinka ya jawo. Kawunku da Tela maƙwabcinmu sun sauke tankin. Abin da ya fito daga ciki ja ne kamar tsohon fenti, kuma a sabon bahon wankina aka tare shi. Daga nan suka ɗura tsakuwa a tankin suna mirgina shi a tsakar gida daga wannan bango zuwa wancan, wai don tsatsa ta kakkaɓe. Dattawa masu furfura suna gara tanki suna dariya, ni kuma kaina kamar ya tsage. Kafireton yana kan teburin cin abinci a wargaje, cikin tirena na gasa kek mai ramuka, kowane ɗan ƙarfe da raminsa, an kuma kafa min doka a gidana cewa kada in taɓa. A cinya muke cin abinci yanzu.

Tsakar gida ta zama majalisa. Duk abokinsa da ya ajiye aiki ya rasa abin yi nan yake wuni, ni ce mai dafa shayi. Amfaninsu ɗaya: ba sa barinsa ya wahala. Da ya ɗauki sifana wani zai yi wuf ya karɓa ya ce ya huta. Shi kuwa ko godiya ba ya yi, sai ya tsuke fuska kamar an ci bashinsa. Ban san inda ya koyo wannan ba, da ba haka yake ba.

Gaskiya ɗaya ce, zan faɗa maka ita: ya koma yin aski ba sai na yi magana ba, kuma yana cinye abincinsa. Kada ka ɗauki wannan a matsayin nasara. Ban ɗago mutumin nan daga gado don in tsince shi a ƙarƙashin tarin ƙarfe ba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau tsani ba zai gano shi ba.

Auta tana gaishe ka. Ka gaishe min da matarka, ka shafa min kan yara. Allah ya yi maka albarka, ya kuma ba ka kunnen jin magana.

Mahaifiyarka.

*

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna nan ƙalau, kuma ƙaramar ta warware. Na ji an ƙara maka matsayi a wurin aiki, Allah ya sa albarka, ko da yake daga bakin Auta na ji.

Sabon tanki ya iso. A bayan babbar mota aka kawo shi, direban yana ta danna oda a ƙofar gida har unguwa ta fito. Na gode da yadda ka girmama maganata. Na san yadda aka yi. Da suka gama gara tsohon tankin suka juye tsakuwar, Tela ya ɗaga shi sama, sai ga rana tana leƙowa ta ƙasansa kamar rariya. Ashe tsatsar ce ke riƙe da shi. A ranar Babanku ya shiga banɗaki da waya ya daɗe. Wanda ya haɗa baki da mara lafiya a kan mai jinya, ya sani ba taimakonsa ya yi ba.

Yanzu ga sabuwa. Ranar da na kai shi asibiti a duba jininsa, Kawunku ya ɗauko bakanike da kuɗin aljihunsa, don ya ba shi mamaki. Kafin mu dawo sun ɗaura tankin, sun ja tiyo, sun sa famfo da filta, komai tsaf. Kawunku yana tsaye yana murmushi yana jiran a sa masa albarka. Babanku ya dogara sandarsa ya zagaya motar, ya leƙa ƙasa, ya leƙa inji, ya wuce ɗaki. Washegari ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashinta. Auta ta ce ya daɗe kwance yana kallon aikin kawai. Daga nan ya fara kwancewa, bai tsaya ba sai da ya cire duk abin da suka ɗaura, tankin kaɗai ya bari don ya fi ƙarfinsa.

Kawunku ya zo ya tarar da kayan jere a kan buhu. Ya ce shi don Allah ya yi, da kuma don 'yar'uwarsa ta samu sauƙi, amma tunda abin ya zama cin fuska ya bar shiga gidan. Har yau bai dawo ba, ko wayata ba ya ɗauka. Ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kwana da mu a asibiti lokacin da kai kake neman izinin tahowa. Na tambayi Babanku dalili, ya ce bakaniken ya bi da tiyon kusa da bututun hayaƙi, in ya yi zafi zai narke. Na ce ko da haka ne, ai sai a gyara wurin kaɗai a ce an gode. Alheri ko bai yi maka daidai ba, da hannu biyu ake karɓarsa. Ya juya min ƙeya.

Bai tsaya nan ba. Ya sa Auta da Tela sun tura motar cikin gareji, ya sallami majalisa. Yanzu da ya karya kumallo sai ya shige ya ja ƙofa ya danna sakata ta ciki. Ka san garejin nan, tagarsa ɗaya ce can sama, ita ma an toshe ta da katako tun da gilashin ya fashe. Abokansa su zo su ƙwanƙwasa, ya ce daga ciki yana aiki. Sun gaji sun daina zuwa. Shayina ya huta, amma hankalina bai huta ba.

Yana fitowa idanu jajir, yana dafe da goshi, rigarsa tana wari har sai na jiƙa ta daban. Abincin da na yi maka alfahari yana cinyewa, yanzu tsakura yake yi. Na ce ya buɗe ƙofar ko iska ta shiga, ya ce zafin gari ne kawai ke damunsa. Na ce zan gaya wa likita, ya ce in gaishe shi. Auta mai karatun jinya ta yi masa bayanin abin da tururin fetur ke yi wa mutum, ya ce tun ba a haife ta ba yake shaƙarsa.

Tunda kai ne mai faɗa a ji a wurinsa, ka kira shi ka ce ya buɗe ƙofar nan. Ba roƙonka nake yi ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan karon kai ka ja, mu muke jiƙewa.

Ka gaishe da mutanen gidanka. Ka kuma kira Kawunku ka ba shi haƙuri a madadin ubanka, wannan ma aikinka ne.

Mahaifiyarka.

*

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka, ina fata kuna lafiya. Auta ta riga ta gaya maka Babanku yana da rai kuma mun dawo gida, don haka ka daina kirana kana kuka a waya. Kuka ba ya gyara komai. Ga yadda abin ya faru, don ka ji shi daga bakin wadda ta gani.

Da hantsi ne, ina guga a falo, Auta tana makaranta. Tun da ya fara kulle kansa na saba da wani sauti: sifana ta faɗi a siminti, a yi shiru, can ta sake faɗuwa. Da wannan nake sanin yana nan. Ranar sai na lura na goge riga bayan riga ban ji komai ba. Na kashe dutsen guga na fita. Tun kafin in isa wari ya tare ni, na duba ƙasa, ga fetur ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya yi layi har bakin magudana. Na buga, na kira shi, na kira shi da sunan da ban taɓa kiransa da shi a gabanku ba. Shiru.

Na fita ba ko takalmi na kira Tela da mai shagon kan kwana. Mai shago ya ɗauko guduma zai doki ƙofar a saitin sakata, na ce ƙarfe ba zai haɗu da ƙarfe a wurin nan ba kada tartsatsi ya tayar da wuta, su sa kafaɗa. Da ƙofar ta ɓalle, ciki duhu, Tela ya kai hannu zai kunna fitila. Na doke hannun har sai da ya yi ƙara. Daga baya na ba shi haƙuri, amma da za a sake, zan sake.

Mun same shi zaune a ƙasa ya jingina da taya, kansa ya langaɓe, wandonsa sharkaf da mai. Hannunsa na dama yana cikin injin, babban yatsa a bakin tiyo, sai da Tela ya ɓamɓare shi. Muka jawo shi waje ƙarƙashin bishiya, na cire masa rigar, na yi ta zuba masa ruwa har ya buɗe ido ya yi amai.

Abin da ya faru, kamar yadda na tatsa daga bakinsa daga baya: ya gama jan tiyo, ya zuba mai a sabon tankin, ya shiga danna ɗan hannun da ke jikin famfo don mai ya hau. Akwai wani zoben ƙarfe da ke matse tiyo a bakin filta. Sa shi aikin hannu biyu ne, ɗaya ya buɗe zoben da filaya, ɗaya ya tura tiyon. Shi da hannu ɗaya ya yi, zoben bai zauna ba, mai yana hawa tiyon ya fice. Ya toshe da yatsan dama, ya miƙa hagu ya ɗauki filaya, hagu ta ƙi rufuwa. Daga inda yake zuwa inda nake guga, ko tari ya yi da ƙarfi zan ji. Mutumin nan ya gwammace ya zauna a rufaffen ɗaki yana shaƙar mutuwa da ya buɗe baki ya kira wani.

Likita ya ce ciwon bai dawo ba, tururin ne ya bugar da shi, amma jininsa ya hau inda bai taɓa kaiwa ba tun kwanciyarsa. Ya dube ni ya tambaya ko babu mai lura da shi a gida. Ni aka yi wa wannan tambayar.

Da aka bar mu mu biyu na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba tun aurenmu. Na ce rai amana ne, ba nasa ba ne da zai yi caca da shi a kan akwala. Na ce girman kai rawanin tsiya ne. Ya bar ni na gama, yana kallon silin, sannan ya ce:

“Tun da na tashi daga ciwon nan ba wanda ya bar ni na gama ɗaure noti ɗaya. Ina cikin yi za a karɓe.”

Na ce to ai don suna ƙaunarsa ne. Ya ce ya sani, shi ya sa ba ya iya hana su, sai dai ya rufe ƙofa.

Maganar tasa ba ta canza komai. Da mutum ya ɗaure noti a kabari gara a ɗaure masa yana kan kujera. Na yanke hukunci: motar za ta bar gidan nan. Na aika a kira mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zo ya kwashe ta da tankinka da famfonka gaba ɗaya. Kada ka kira ni da roƙo, kada ka turo matarka ta yi min daɗin baki. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, mu kuwa mun ji.

Ka yi wa ubanka addu'a, ita yake bukata daga gare ka.

Mahaifiyarka.

*

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da yara. Na ga hoton da aka turo, babban ya rame, a riƙa ba shi abinci a kan lokaci. Na kuma lura ka bi maganata ba ka kira ni da roƙo ba. Da haka kake tun farko da ba mu zo nan ba.

Motar tana nan. Kafin ka yi murmushi ka karanta har ƙarshe.

Mai sayen ƙarafan ya zo. Na zaci Babanku zai yi gardama, har na tanadi amsoshi. Ko kaɗan. Ya fito da sandarsa, ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a kan bonet, ya koma ɗaki. Mutumin ya zagaya motar yana harbin tayoyi da ƙafa, ya zura hannu ya fizgi sabon tiyon kamar yana cire ciyawa, ya ce a nan zai yanka ta da wuta gida-gida don ta fi sauƙin ɗauka. Sannan ya tambaye ni, da ƙarfi, a daidai tagar ɗakin, ko tsohon ne ya rasu ake rabon kaya. Na nuna masa ƙofa. Ba na ciniki da marar tarbiyya, ko me zai biya. Na ce a raina zan nemi wani.

Ban samu sukunin neman wanin ba, saboda abin da ya biyo baya. Babanku ya kwanta ya juya fuska bango, irin kwanciyar da ya yi farkon ciwonsa. Gemu ya fito bai aske ba. Ƙwallon robar ta gangara ƙarƙashin gado, bai nema ba. In na kawo abinci ya ce an gode, in na dawo in tarar da shi yadda na ajiye. Ba ya musu da ni a kan komai. Na ce masa labaran rediyo ƙarya ne, ya ce haka ne. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana gardama da ni a kan inda ya kamata a ajiye tsintsiya. Wata safiya na ga ya miƙo wa Auta ƙirji ta ɓalle masa maɓalli, hannun hagun yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Auta ta bi ni kicin ta ce in aka ci gaba haka hannun zai sandare, kuma ba hannun kaɗai ba. Na ce ta bari sai ta karɓi takardar shaidarta kafin ta koya min jinya. Amma na ji ta.

Na rasa wanda zan fi jin haushi, shi, ko kai, ko motar. In na bar masa ita ta kashe shi a gareji, in na raba shi da ita ya kashe kansa a gado. Duka biyun ban yarda ba.

Na kira kafinta ya cire ƙofofin garejin gaba ɗaya, ya jingine su a bayan gida. Na sa Auta da Tela suka turo Ɓauna tsakar gida ƙarƙashin bishiya, inda iska ke kaɗawa. Na cika bokiti da yashi na ajiye a gefe, na kawo kujerarsa. Na sa tsohuwar rigar da nake fentin ɗaki da ita, na ɗauki filaya, na tsaya a kansa na ce:

“Tashi ka nuna min inda zoben nan yake shiga. Ba zan iya zama da mota a tsakar gida tana yoyo ba.”

Ya ce in kira bakanike. Na ce bakanike ya riga ya yi nasa an kwance. Na fita na fara taɓa abubuwa a injin ina ƙwanƙwasa duk abin da na ga dama, da ƙarfi yadda zai ji. Ban daɗe ba na ji ƙarar sanda a bayana, yana cewa in cire hannuna daga kafireto kafin in lalata masa aikin wata guda.

Haka muka yi aikin. Ni na riƙe tiyo na tura, shi ya buɗe zoben da dama, ya dafa filta da hagu don kada ta juya. Hagun tana rawa, filtar tana zamewa, zoben ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi, muka tona muka sake. Ban karɓa ba, ban ce sannu ba, na dai ce ya yi sauri bayana yana ciwo. Ya daka min tsawa wai na karkatar da tiyon, wai ko makaho ya ga ba a miƙe yake ba. A gaban Tela. Tun da ya kwanta ciwo ban ji muryarsa ta kai haka ba. Na riƙe amsata sai da muka shiga ɗaki, a can na biya shi har da riba.

Mun bi hanyar man gaba ɗaya, daga tanki zuwa famfo, daga famfo zuwa filta, daga filta zuwa kafireto, kuma nesa da bututun hayaƙi, tunda a kan wannan aka ɓata da ɗan'uwana. Ba a yini ɗaya ba, domin da rana ta take nake tattara kayan aiki in kulle a ɗakina ko yana tsakiyar magana. Da muka gama ya danna famfo, ni kuma na bi kowace mahaɗa da farar takarda ina dangwalawa. Ko ɗigo babu. Noti na ƙarshe da hagu ya ce zai ɗaure. Sifanar ta faɗi, ya sunkuya ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Na juya ina kallon bishiya har ya gama.

Kawunku ya zo ranar da za a tayar da ita. Na gode da ka kira shi. Yana shigowa ya ga Babanku yana fama da kan batir, sai ya nannaɗe hannun riga ya nufo shi. Na tare shi da kujera na ce ya zauna. Ya zauna yana huci, amma ya zauna. Motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta ƙi, ta ƙi, can ta kama da wata irin ƙara har tantabarun maƙwabta suka watse. Hayaƙin da ta tofar ya sauka a kan fararen zannuwan gadon da na shanya. Ba a jima ba ruwa ya fara zuba daga gabanta, aka kashe. Wai lagireto ne, mai sanyaya inji, wai shi ma sai an sauke. Babanku yana faɗin haka yana dariya, Kawunku yana taya shi, ni ina kwashe shanya ina sake wanki. Jininsa, in kana son sani, ya sauka; Auta tana aunawa safe da yamma. Yanzu shi yake ɓalle maɓallinsa, a karkace, kuma ba na gyara masa.

Kada wani ya ce na sauko. Har gobe ina ganin aikin banza ne, kuma farcena ya yi baƙi, ga tirena na kek da ba zai sake ganin kek ba. Auta da Kawunku da Tela suna gaishe ka. Babanku ya ce in gaya maka wani abu game da lagireto, na ce ba zan rubuta ba. Ka gaishe min da matarka da yara, Allah ya yi muku albarka.

Ga dokar gidan nan daga yau, na faɗa wa kowa, kai ma ka riƙe. Ba a taɓa motar nan sai a fili, da rana, ina wurin. Mai son kallo ya zo, akwai kujeru, akwai shayi. Amma abin da ke hannun Babanku ba mai karɓa, in ya faɗi ƙasa ba mai ɗauko masa sai shi ya ce a ɗauko. Wanda hannunsa ke ƙaiƙayi ya zauna a kansa, in ba zai iya ba ya koma gidansu. Har da kai, ranar da ka zo.

Mahaifiyarka.